Wuri: Dodon koɗin tekun da ƙwansonsa ya zama kuɗin ƙasar Hausa

Idan gwamnati ta ware maƙudan kuɗi domin wani aiki, marubuta labarai na Hausa sukan ce an ware "wuri na gugar wuri har naira biliyan kaza". Mai karatu yakan wuce wannan magana bai tsaya ba, domin kunnensa ya saba da ita. Amma a da, abu ne da ake gani da ido, ake kuma ji da kunne: keson tabarma cike da ƙananan ƙwansuna farare, suna gugar juna idan ɗan dako ya ɗaga shi ya aza a ka. Ita kanta kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta wuri. A rubuce wannan kalma ɗaya take da wuri na zama, a baki ne Bahaushe yake rarrabe su.

A kasuwar Kubwa da ke ƙaramar hukumar Bwari a Birnin Tarayya, kamar a sauran manyan kasuwannin ƙasar nan, har yau ana samun wuri a shimfiɗar masu sayar da magungunan gargajiya da kayan ado. Ana ɗinka shi a jikin ƙwarya da kayan 'yan rawa, mata suna sa shi a kitso, masu duba kuma suna da nasu aikin da shi. Kaɗan ne daga cikin masu saye da sayarwa za su iya faɗin mene ne shi. Wasu sun ɗauka dutse ne, wasu sun ɗauka a kogi ake tsintarsa. Babu shi a kogin Usuma, babu shi a Neja ko Binuwai, kuma irin wanda aka yi kuɗi da shi ba ya rayuwa ko a gaɓar tekun Legas. Ƙwanson wani dodon koɗi ne na ruwan gishiri, wanda cibiyar cinikinsa ta fi kilomita 7,000 nisa daga Abuja.

An saba ba da labarin wuri a babin tarihin ciniki da sarauta. Sai dai tushen labarin yana jikin dabbar. Yadda take gina ƙwansonta da irin ruwan da take iya zama a ciki su ne suka mayar da ita kuɗi, su ne kuma daga baya suka karya darajar wannan kuɗi.

Ƙwanson da ba ya kama da na dangi

Masana halittu suna kiran wannan dabba Monetaria moneta. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya rubuta ta a kundin kimiyya a shekarar 1758 da sunan Cypraea moneta, kuma kalmar moneta a Latin tana nufin kuɗi. Wato tun ranar da kimiyya ta raɗa mata suna, sana'ar da ɗan Adam ya ɗora mata ta riga ta bi ta.

Duk yaron da ya taɓa yin wasa da katantanwa ya san siffar gidan dodon koɗi: murɗaɗɗe ne, yana da tsini a sama da faffaɗan baki a ƙasa. Wuri ma haka yake farawa. Yana ƙarami ƙwansonsa siriri ne, mara ƙwari, mai murɗi da buɗaɗɗen baki. Idan ya kusa balaga sai wani sauyi ya auku. Zagayen ƙarshe na ƙwanson yakan lulluɓe duk na baya, leɓen bakin ya lanƙwashe ciki, ƙofar ta tsuke ta zama doguwar tsaga, sannan haƙora su fito a gefe biyu na tsagar. Daga nan ba ya ƙara tsawo. Abin da ya rage masa shi ne ƙara kauri, musamman a gefe da ƙasa. Wanda ya fasa bayan wuri ya duba ciki zai ga ragowar murɗin nan a ɓoye.

Wannan tsayawar girma tana da muhimmanci ga batun kuɗi. Yawancin dodannin koɗi suna ci gaba da girma muddin suna raye, saboda haka a tsibi guda za a sami ƙarami da babba da ƙato. Wuri balagagge kuwa yawanci tsakanin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi yake, ko da yake a wasu tekuna akan sami wanda ya fi haka. Na tsibiran Maldib, wanda aka fi yin kuɗi da shi, yana cikin mafi ƙanƙanta, kuma kusan kansu ɗaya. Abin da zai zama ma'aunin ciniki dole ne kowane ɗaya ya yi daidai da ɗan'uwansa, ba sai an auna ba. Sarakuna suna kafa maƙera su ɗauki ma'aikata domin su sami wannan daidaito a kwabo da sule. Wuri da shi yake fitowa daga ruwa.

Sai kuma sheƙi. Dabbar tana da wani mayafin nama mai fiffike biyu, wanda take fiddowa ta tsagar nan, ya hau ta dama da hagu ya haɗu a gadon baya, ya rufe ƙwanson ruf. Mayafin Monetaria moneta yana da zane-zanen baƙi da fari-fari da ƙananan tsiro, ta yadda wanda ya ga dabbar tana tafiya a ƙarƙashin ruwa ba zai ce wuri ba ne. Wannan mayafi shi ne yake shafa sinadarin alli a kan ƙwanson daga waje, shafi bisa shafi, yana kuma hana ƙananan halittun teku su manne masa. Yawancin sauran dodannin koɗi daga baki kawai suke ƙara gini, bayansu yana nan a buɗe ga yashi da igiyar ruwa, shi ya sa yake yin kaushi. Na wuri santsi gare shi kamar tangaran. Hasali ma, sunan da harsunan Turai da dama suke kiran tangaran ɗin ƙasar Sin ya samo asali ne daga porcellana, sunan wuri a harshen Italiya, domin da abin da suka sani suka kwatanta abin da ba su sani ba.

Launinsa fari ne mai ratsin ruwan ɗorawa, wani lokaci da ɗan kore-kore. Gefensa yana da kauri da ƙulle-ƙulle, abin da yake ba shi siffa mai ɗan kusurwa. Haƙoran da ƙuncin ƙofar kariya ce daga kaguwa da kifi. Wannan kariya ita ce ta sa yake jure hannun mutane: ana zuba shi, ana taka shi, ana binne shi shekaru, ya fito bai ruɓe ba, bai yi tsatsa ba, gara ba ta ci shi ba. Kafin zuwan roba, babu maƙeri ko masassaƙin da zai iya yin jabunsa a farashin da ya yi ƙasa da na gaskiya.

Ruwan da yake so

Wuri dabbar ruwa mai ɗumi ce. Ana samunsa daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka, ya ratsa tekun Indiya, ya bi ta Indunusiya da Filifin da arewacin Ostareliya, har tsibiran tekun Pasifik da kusa da gaɓar Amurka ta Tsakiya. Yanki ne mai faɗi ƙwarai, kuma dalilin faɗinsa yana cikin yadda yake haihuwa. Macen takan saka ƙwai a cikin ƙananan jakunkuna a ƙarƙashin dutse ko mataccen murjani, ta zauna a kansu ta rufe su da tafin jikinta har su ƙyanƙyashe, kamar kaza a kan ƙwai. 'Ya'yan da suka fito ƙanana ne, ido ba ya ganinsu sosai, kuma sukan yi kwanaki suna yawo a saman ruwa, igiya tana kai su daga tsibiri zuwa tsibiri, kafin su sauka ƙasa su fara rarrafe.

Ba ya son zurfi. Mazauninsa shi ne bakin gaɓa, inda ruwa yake janyewa ya dawo sau biyu a yini, da tafkunan da tudun murjani ya kewaye, da filayen ciyawar teku. Da rana yakan fake a ƙarƙashin duwatsu da ɓaraguzan murjani. Abincinsa yawanci gansakuka ce, wadda yake kankara da wani harshe mai kaushi kamar magagari.

Abin da ya hana shi isowa yammacin Afirka da kansa shi ne sanyi. Hanyar ruwa ɗaya tak da ta haɗa tekun Indiya da Atilantika a da ita ce ta ƙarshen kudancin Afirka, kuma daga can zuwa gaɓar Namibiya ruwan Benguwela mai sanyi ne yake gudana. Gaɓar Senegal da Gana da Gabon tana da nata dangin wuri, amma wasu iri ne daban, masu girma da launi daban, kuma ba su da yawan da za a yi kasuwa da su. Saboda haka babu wani mutum a Kano ko Oyo ko Dahome da zai iya zuwa bakin ruwa ya ɗebo wa kansa kuɗi. Duk wurin da ya shigo sai an biya shi da wani abu.

Za a fi gane wannan idan aka dubi wani dodon koɗin teku da shi ma ya yi doguwar tafiya, amma ta wata fuska. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin silifa, a kimiyya kuma Crepidula fornicata. Ƙwansonsa mai siffar ƙwai ne, yakan kai santimita biyar, kuma idan aka kifar da shi za a ga wani farin dandamali ya rufe kusan rabin cikinsa, kamar gaban takalmi. Asalinsa gaɓar gabashin Amurka ta Arewa ne, daga Kanada zuwa mashigin tekun Meziko. Ba ya yawo. Yakan manne a dutse ko a bayan wani ƙwanso yana tace abinci daga ruwa, wani ya hau bayansa, wani ya hau bayan wancan, har su yi jerin goma ko fiye. Na ƙasa manya mata ne, na sama ƙanana maza ne, kuma kowane namiji yakan rikiɗe ya zama mace idan ya girma.

A ƙarshen ƙarni na 19 wannan dabba ta shiga Ingila da ranta, a manne da kawar da ake shigowa da ita daga Amurka domin kiwo. Ruwan ya karɓe ta. Ta bazu zuwa Holan da Faransa da wasu ƙasashen arewacin Turai, kuma a wasu mashigan tekun Faransa ta shimfiɗe ƙasan ruwa har ta zama annoba ga masu kiwon kawa. Babu wanda ya taɓa tunanin yin kuɗi da ita. Bakin ƙwansonta yana bin siffar abin da ta manne a kai, don haka da wuya a sami biyu iri ɗaya. Bayanta ba ya sheƙi, kuma tana hayayyafa a ƙofar gidan kowa. Wuri kuwa gawarsa ce kaɗai ta yi tafiya, biliyoyi bisa biliyoyi, ba tare da ko ɗaya ya haihu a inda aka kai shi ba.

Daga Maldib zuwa Kurmi

Tsibiran Maldib, kusan 1,200 ne, suna kudu maso yammacin Indiya, kuma dukansu murjani ne ya gina su. Tafkunansu marasa zurfi sun dace da wuri fiye da ko'ina. Mutanen wurin, waɗanda Musulmi ne tun ƙarni na 12, sun gano hanya mai sauƙi ta kama shi. Sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, dabbobin su hau su manne, sai a jawo ganyen a baza a kan yashi ko a binne, naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Marubucin Larabci al-Mas'udi ya bayyana wannan dabara tun a ƙarni na 10. Sarkin tsibiran shi ne yake riƙe da cinikin, kuma mafi yawan wurin ana musayarsa ne da shinkafar Bengal, domin ƙasar murjani ba ta noma hatsi sosai.

Mutum guda ya ga bakin zaren biyu da idonsa. Ibn Battuta ya zauna a Maldib wajen shekarun 1343 da 1344, har ya yi alƙalanci a can, kuma ya rubuta cewa ana ba da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya, wani lokaci ma fiye da haka nesa. Bayan kusan shekara goma ya isa daular Mali, ya tarar a can da Gawo dinari guda wuri 1,150 ne. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce ladan jirgin ruwa da raƙumi da haɗarin Sahara. A shekarar 1964 mai binciken nan Bafaranshe, Théodore Monod, ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, a wurin da ake kira Ma'den Ijafen: sandunan tagulla sama da 2,000 da tarin wuri, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 11 ko na 12.

Hanyar hamada ba ta iya ɗaukar da yawa. Abin ya canza ne da Turawan Fotugal suka zagaya kudancin Afirka, suka fara kawo wuri gaɓar Binin ta ruwa tun farkon ƙarni na 16, daga baya kamfanonin Holan da Ingila suka karɓe cinikin. A nan ma halittar ƙwanson ce ta yi musu aiki. Jirgin ruwa mai filafilai yana buƙatar kaya mai nauyi a gindinsa domin kada iska ta kifar da shi, kuma wuri yana da nauyi, ba ya lalacewa a ruwan gishiri. Maimakon yashi ko duwatsu, sai a loda abin da za a sayar. Daga tekun Indiya akan kai shi Amsterdam ko Landan, a yi gwanjonsa, a sake loda shi zuwa Wida da Legas da sauran tashoshin gaɓa. Masana tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn da Marion Johnson, a littafinsu na 1986, sun ƙiyasta cewa wurin da aka shigo da shi yammacin Afirka a ƙarni na 18 ya haura biliyan 10. Babban abin da aka saya da shi a wancan ƙarni mutane ne. Babu yadda za a yi maganar kyawun wuri a tsallake wannan: kaso mai yawa na bayin da aka tsallaka da su tekun Atilantika daga gaɓar Binin da wannan ƙwanso aka biya kuɗinsu.

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Wasu masana suna ganin an san shi kafin nan ta hanyar Songhai, amma lokacin da littafin ya ambata ya yi daidai da ambaliyar wuri a gaɓar teku, wadda ta haura arewa ta ƙasar Yarabawa da Nufe, da kuma hanyar fataken goro ta Gwanja. Littafin ya kuma danganta sababbin haraji ga Sharefa da magajinsa Kumbari, wanda aka ce ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa. Ba abin mamaki ba ne. Haraji da hatsi ko shanu yana da wahalar tarawa da ajiyewa, na wuri kuwa ana ƙirga shi, a zuba a rumbu, ya shekara goma yana nan. Borno ba ta karɓe shi a matsayin kuɗi ba sai wajen ƙarshen shekarun 1840, a zamanin Shehu Umar.

A gaɓar teku huda wuri ake yi a shirya shi a zare. A ƙasar Hausa a warwatse ake amfani da shi, saboda haka ƙirga ta zama sana'a. Mai ƙirga yakan zauna a ƙasa ya zube tsibi a gabansa, yana jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tara ƙananan tsibi har su zama manya. Harshe ya adana sawun wannan aiki. Hauya ashirin ce, zambar dubu ce, keso kuwa, wato buhun tsohuwar tabarma, wuri 20,000 ne. Lambobin da aka aro daga Larabci, irin su metan da arbaminya da hamsaminya da alfyan, a bakin masu ƙirgar wuri suka zauna da gindinsu. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya yaba da sauƙin ciniki da wuri da kuma saurin hannun masu ƙirga. Heinrich Barth, wanda ya iso a 1851, bai ji daɗin abin haka ba: a Tasawa ya ga yadda aka sha wahala kafin a ƙirga 500,000.

Barth ɗin ne ya bar mana lambobin da suka nuna girman tattalin arzikin da wannan ƙwanso yake ɗauke da shi. Ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500 a Kano. Ya ƙiyasta darajar tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a waje a shekara a kan wuri miliyan 300, ya kuma ce iyali guda za su iya rayuwa cikin rufin asiri da 50,000 zuwa 60,000 a shekara. Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar wuri guda. Da shi talaka zai sayi ɗan gishiri ko ɓarin goro ko ludayin fura, ba sai ya ci bashi ko ya yi musaya ba. Ƙasashe da yawa da suke taƙama da zinariya da azurfa a wancan zamani ba su da kuɗin da ya sauka ƙasa haka.

Wuri na biyu

Monetaria moneta yana da ɗan'uwa na kusa, Monetaria annulus. Bayansa ya fi santsi da zagaye, launinsa yana ɗan ja zuwa toka-toka ko shuɗi-shuɗi, kuma yana da siririn zobe mai ruwan lemo da ya kewaye gadon bayansa. Mazauninsu kusan ɗaya ne, amma shi mai zoben ya yi yawa ƙwarai a gaɓar gabashin Afirka, a Zanzibar da kewayenta, inda mata da yara suke tsintarsa da hannu idan ruwa ya janye. Na can ya fi na Maldib girma da nauyi.

Shekaru aru-aru kasuwannin yammacin Afirka ba su san shi sosai ba. A tsakiyar shekarun 1840 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gwada kawo shi, aka karɓa. A lokacin cinikin bayi ta teku yana ja da baya, cinikin manja yana bunƙasa, kowa yana neman kuɗin sayen manja. Kamfanonin Jamus da Faransa suka shiga jigila kai tsaye daga Zanzibar zuwa Legas da Wida, ba tare da bi ta Turai ba. Bisa ƙiyasin Hogendorn da Johnson, tsakanin 1851 da 1869 kaɗai an shigo da mai zobe kusan biliyan 14, wato fiye da abin da aka shigo da shi na Maldib a ƙarnin da ya gabata gaba ɗaya.

A Maldib akwai sarki mai riƙe da ciniki, akwai nisa, akwai iyakar abin da tsibirai ƙanana za su iya fitarwa. A gaɓar gabashin Afirka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya biyo baya shi ne abin da yake biyo bayan duk wata ƙasa da ta buga takardun kuɗi fiye da kima. A Legas, daga wajen 1850 zuwa 1895, darajar wuri ta faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda take. A arewa faɗuwar ta zo a hankali, domin kuɗin dako yana rage gudun ambaliyar, amma ta zo: kafin ƙarshen ƙarnin, dalar da Barth ya canza a 2,500 ta kusa ninka haka a Kano.

A ganina nauyi ne ya kashe wuri, fiye da kowace doka. Keso guda na ƙaramin wurin Maldib yana kai wajen kilo 23, kayan mutum ɗaya ke nan. Mai zobe ya fi haka nauyi, ga shi kuma yana sayen abin da bai kai na da ba. Ɗan dako yana cin abinci a hanya, kuma da abin da yake ɗauke da shi ake biyansa, saboda haka idan tafiya ta yi nisa kuɗin yakan cinye kansa. Charles Robinson, Baturen da ya bi ta Loko da Keffi da Zariya zuwa Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya kamu da ciwo suka rasa yadda za su sayar da shi, domin wurin da za a biya su sai an ƙara 'yan dako goma sha biyar, waɗanda ladansu zai fi abin da suka ɗauko. Manyan fatake sun daɗe da sanin wannan matsala. Idan ciniki ya yi girma sukan koma ga dalar azurfa, ko turkuɗi da sauran tufafi, ko bashi tsakanin amintattu. Sukan kuma koma ga bayi, waɗanda a daular Sakkwato aka mayar da su tamkar babbar takardar kuɗi mai tafiya da ƙafarta.

Da Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasar, gwamnatin Lugard ta haramta shigo da wuri a 1904. Daga 1907 aka fara buga anini, mai huda a tsakiya da rubutun Larabci, wanda goma suke yin kwabo, musamman domin ya maye gurbin wuri a ƙananan saye-saye. Na farko da goran ruwa aka yi shi, bai jure ba, aka sauya ƙarfen. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta yammacin Afirka, aka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗin Bature. Duk wanda dukiyarsa take cikin rumbun wuri ya wayi gari yana kallon ta tana narkewa, domin babu wata hukuma da ta ɗauki alhakin canza masa ita gaba ɗaya.

Duk da haka wuri bai tafi nan take ba. Ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru da dama, kuma a lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930, da kwabo da sule suka yi wuyar samu, ya sake bayyana a wasu kasuwannin ƙasar Nufe. Wanda ya ga yadda mutanen kan iyaka suka koma ga sefa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, zai gane wannan hali. Sunansa ma ya zauna. Kuɗin Gana, sidi, wanda aka fara a 1965, daga sunan wuri a harshen Akan aka samo shi. Katin biyan kuɗin motocin haya na gwamnatin Legas sunan wuri gare shi. Babban Bankin Nijeriya yana baje shi a gidan tarihin kuɗi da ke hedikwatarsa a Abuja, kusa da mundayen tagulla da sauran kuɗaɗen da.

Wanda ya sami wuri a hannunsa zai iya gane asalinsa cikin ɗan lokaci. Idan bayansa yana da zoben ruwan lemo, ko inuwar zoben da ya koɗe, mai zobe ne, irin na ambaliyar ƙarni na 19. Idan gefensa yana da ƙulle-ƙulle da kusurwa, kuma ƙarami ne, to na asalin kuɗi ne. Wanda aka yanke wa baya don ɗinki ne aka yi masa haka. Wanda kuma ya yi sakayau a hannu, da layin haɗi a gefensa, roba ce, domin jabun da ya gagari maƙeran da yanzu injin yana zubo shi buhu-buhu.

Ita dabbar tana nan da yawa a mazauninta, kuma ba ta cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Mazaunin ne yake cikin matsala. Ɗumamar ruwan teku ta kashe murjani mai yawa a Maldib a 1998, ta sake yin ɓarna a 2016, kuma mafi yawan ƙasar tsibiran ba ta kai tsayin mita ɗaya a kan ruwan teku ba.